Ra'ayinmu: A Kawo Rumfar Zaɓe Kusa Da Mai Zaɓe

Tun daga ranar 26 ga watan Yuli na shekarar 2023, da sojoji suka karɓi ragamar mulki suka jingine tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai, ba a sake kiran ƴan Nijar zuwa gaban akwatin zaɓe ba. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Ranar 26 ga Maris na 2025 kuma aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya yanke wa'adin watanni 60 da za a iya sauyawa gwargwadon halin da ƙasa ke ciki, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Saboda haka ba za mu yi mamaki ba idan mai karatu ya ga kan wannan sharhi ya ce: ina zaɓen yake, balle rumfarsa? Jama'a na fama da rashin tsaro da tsadar hatsi, su kuwa ƴan jarida sun koma ƙirgar tebur da akwati.

Amsarmu ita ce maganar nan ta magabata, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ganga ta yi zaƙi, kowane ɗan takara ya san ƙauyen da ke sonsa da wanda ke ƙinsa, to duk wanda ya ɗauke rumfa daga wannan gari ya kai wancan, za a ce ya yi ne don ya taimaki wani ko ya cuci wani, ko da zuciyarsa fara ce. Yau kuwa babu ɗan takara, babu tuta, babu wanda zai iya cewa an auna masa hanya da mugun nufi. Wannan shiru da muke ciki, duk da ɗacinsa ga masu ƙishin zaɓe, shi ne lokaci mafi dacewa da za a bi ƙasar nan gari gari, a duba inda ake kafa rumfunan zaɓe, a kuma tambayi talaka ko ƙafarsa na iya kai shi can.

Ya kamata mu tuna inda aka fito. Babban taron ƙasa da aka buɗe a Yamai ranar 29 ga Yuli na 1991 aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, shi ya mayar wa ɗan Nijar ikon zaɓen wanda zai mulke shi. Amma da aka zo zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Fabrairu da 27 ga Maris na 1993, wanda Mahaman Usman ya lashe, cikin mutum kimanin miliyan 4 da aka rubuta sunayensu, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kaɗa ƙuri'a. Abu mai sauƙi ne ɗan boko ya zauna cikin inuwa ya ce jahilci ne, mutanen karkara ba su san darajar dimokuraɗiyya ba. To amma zagayen farko na wannan zaɓe ya faɗo cikin azumin watan Ramadan, na biyu kuma a bakin zafin bazara. Wanda bai taɓa taka rairayi da baki a bushe don ya bi layi ba, bai kamata ya yi saurin yanke wa wanda ya zauna gida hukunci ba. A zaɓen 27 ga Disamba na 2020 adadin waɗanda suka fito ya kusa kashi 70 cikin ɗari, a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021 kuma ya ɗan haura kashi 60. An ci gaba, babu shakka. Sai dai har a wannan karo, cikin kowane mutum goma masu katin zaɓe a hannu, uku ko huɗu ba su iso ba, kuma muna da haƙƙin mu tambayi mene ne ya tsare su.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan batu ba. Dokar zaɓe ta 14 ga Agusta na 2017, wadda aka gudanar da zaɓubbukan 2020 da 2021 a ƙarƙashinta, ta ce kada masu zaɓe a rumfa ɗaya su wuce 500, a yankin makiyaya kuma kada su wuce 300, sannan tazarar da ke tsakanin mazaunin mai zaɓe da rumfarsa kada ta wuce kilomita 2. Ta hana kafa rumfa a barikin soja, da fadar sarki, da ofishin jam'iyya. Ta ce a buɗe da ƙarfe 8 na safe a rufe da ƙarfe 7 na yamma. Waɗannan ƙa'idoji masu kyau ne, kuma waɗanda suka rubuta su sun san ƙasarsu. Abin tambaya shi ne yaushe aka taɓa fita da takardar nan a hannu, aka auna ta da ƙasa, aka bayyana wa jama'a rumfa nawa ne suka cika sharaɗi, nawa ne suka saɓa.

Bari mu yi ɗan lissafi. A 2020 hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta rubuta masu zaɓe kimanin miliyan 7 da dubu 400, ta kuma kafa rumfuna wajen dubu 26. Idan aka raba, kowace rumfa ba ta kai mutum 300 ba, wato a kan takarda komai daidai. Amma faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, filin da ke kewaye da rumfa ɗaya har zuwa nisan kilomita 2 kuwa bai kai murabba'in kilomita 13 ba. Ko da an warwatsa rumfunan nan dubu 26 ta yadda babu wadda ta raɓi ƴar'uwarta, kusan rubu'in ƙasar kawai za su rufe. Alhali kuwa a birane ana tara rumfa biyar ko goma cikin makaranta guda. Gaskiya ne yawancin ƙasarmu hamada ce, jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin faɗin Nijar, jama'a kuma sun taru ne a kudanci. Duk da haka wannan lissafi ya isa ya nuna cewa ba daga ofis a Yamai za a san ko an cika alkawarin kilomita 2 ba. Sai an je an gani.

Inda matsalar ta fi yawa shi ne karkara, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƴan ƙasa suke zaune. An saba kafa rumfa a garin da yake da maigari da hukuma ta sani. To amma ƙauyen Hausa ba ya zama wuri ɗaya. Gona ta yi kaɗan, ƙane ya ɗauki iyalinsa ya je ya sari daji, ya kafa tunga. Bayan shekara ashirin tungar ta zama gida hamsin da masallaci da rijiya, amma a littafin hukuma har yanzu mutanenta suna biyan lanho ga maigarinsu na asali, can kuma aka rubuta sunayensu. Duk wanda ya bi ƙasar Dakwaro, ko Mayahi, ko Tanut, ko Gure, ya san irin waɗannan garuruwa ba su ƙirguwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ɗoriya, suna ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari kowace shekara. Taswirar rumfunan da ta dace da jiya ba za ta dace da gobe ba, domin ƙasar da ke haihuwa haka, ƙauyukanta ma haihuwa suke yi. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: gari biyu da rikicin sarauta ko na gona ya raba, idan aka haɗa su rumfa ɗaya, mutanen ɗayan sun gwammace su rasa ƙuri'arsu da a ce sun je sun bi layi a ƙofar abokan gaba.

Nisan hanya kuma ba ya cin kowa daidai. Saurayi mai babur ko keke, kilomita 5 ba komai ba ne a gare shi. Mace fa? Kafin ta fita sai ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta dama fura, ta goya jariri, sannan ta kama hanyar sa'a guda ko fiye, ta tsaya a rana, ta sake dawowa ta tarar da tukunyar dare na jiranta. Idan tana da tsohon ciki, ko mijinta ya tafi ci-rani ya bar mata gida da dabbobi, maganar ta ƙare. A gidajen da ake kulle, a Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwa, maigida zai fi sauƙin barin iyalinsa su je rumfar da ke cikin unguwa, mai layin mata daban, wadda mace ce za ta duba fuskarsu ta kama yatsansu ta sa tawada. Haka tsoho mai sanda, wanda ya ga zaɓen raba gardama na 1958 da idonsa, yau yana iya rasa ƙuri'arsa saboda ƙorama guda da ta ratsa tsakanin gidansa da makaranta. Duk kilomitan da aka ƙara, sunan mace da na tsoho ake fara gogewa.

Ga kuma wani lahani da ya fi wannan muni. Inda ƙafa ta gaza, motar ɗan takara ce ke cike giɓin. Da sassafe a ga babbar mota ta tsaya a bakin tunga, an manna mata hoto, ana kiran jama'a su hau kyauta, wani lokaci har da goro da sabulu. Wanda ya hau motar mutum, ya san wanda zai dawo da shi gida da yamma, ya kuma san an ƙirga kawunan da suka hau za a kwatanta da ƙuri'un da suka fito. Talakanmu mai kunya ne, ba ya cin gishirin mutum ya juya masa baya. Ta haka nisan rumfa ke zama jari ga mai kuɗi, ɗan takarar da ba ya da mota kuwa an kayar da shi tun ba a buɗe akwati ba. Wanda yake son a rage sayen ƙuri'a a ƙasar nan, ya fara da rage tafiyar da ke tsakanin mai zaɓe da rumfarsa.

Idan muka haura arewa zuwa Azawak da Tadras da Tasker da Ngurti, lamarin ya ƙara wuya. Tun 1993 doka ta ware mazaɓu 8 na musamman don ƙananan al'ummomi su sami wakili a majalisar dokoki, irin su Tasara, Barmo, Bilma da Bankilare. Niyya ce mai kyau. Amma makiyayi, Bafillace ne ko Ba'abzine ko Batube ko Balarabe, an rubuta shi ne ƙarƙashin shugaban ƙabilarsa, shi kuwa yana inda ciyawa take. Da damina yana arewa, bayan an saki gonaki ya gangaro kudu, wani ma ya tsallaka iyaka. Zaɓubbukanmu kuwa sun fi faɗowa tsakanin Disamba da Maris, lokacin da garke ke nesa da gida, kuma ba wanda zai bar raƙuma da shanu ba shayarwa don ya yi tafiyar yini. Da rani, mazaunin makiyayi na gaskiya shi ne rijiyar da yake shayarwa. A can ya kamata a neme shi, kuma shi ya kamata a tambaya wace rijiya ce. Taron shan gishiri da ake yi a Ingal kowane watan Satumba wuri ne da hukuma za ta iya zama da shugabannin makiyaya su tsara wannan tare.

Kada ƴan birni su ɗauka sun tsira. Yamai ta faɗaɗa ta ko'ina, Maraɗi da Damagaram da Tawa sun cinye gonakin da ke kewaye da su, amma tsoffin makarantun da ake zaɓe a cikinsu suna nan a tsakiyar gari. Ɗan haya kuma ba ya da tabbas: an rubuta shi a wannan unguwa, kafin zaɓe ya zo mai gida ya tashe shi ya koma wani gefen gari. Ruwa ma ya tashi mutane. Ambaliyar 2020 ta kori dubban iyalai daga unguwannin bakin kogi a Yamai, ta 2024 kuwa ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah an ba su wuri a wani fili dabam, katinsu kuwa yana ɗauke da sunan unguwar da ruwa ya ci. A birni wahalar ba ta tafiya ba ce kaɗai, har da ta neman suna: mutum ya shiga makaranta mai aji goma sha biyu, bai iya karatu ba, yana bin ƙofa ƙofa ana cewa ba nan ba, har ya gaji ya koma gida.

Sai ƴan'uwanmu naƙasassu, waɗanda ƙidayar 2012 ta sami sun haura dubu 700. Nijar ta yi musu doka tun 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, wadda sashenta na 29 ya wajabta a sauƙaƙa musu wurin zaɓe da kayan zaɓe, ta kuma sake yin wata doka a 2019. To amma a je a duba ajin da ake zaɓe a ciki. Keken gurgu ba ya tafiya cikin rairayin filin makaranta, idan ya iso kuma ga matakala uku a ƙofar aji. Sai ya sauka ya ja jiki a gaban jama'a, ko a ɗauke shi kamar kaya, ya tarar da akwati bisa tebur da hannunsa bai kai ba. Makaho doka ta ba shi damar ya zo da wanda ya amince da shi, amma a zagayen farko na 2020 ƴan takarar shugaban ƙasa 30 ne. Ta yaya zai tabbata inda ya ce a sa nan aka sa? Kurma ba ya jin sunansa idan an kira. Mutanen Kara-Kara a Damagaram, unguwar da aka kafa don waɗanda kuturta ta taɓa, suna da tambaya ga masu na'urar ɗaukar hoton yatsu da masu tawada, kuma sun cancanci amsa tun kafin ranar zaɓe. Gyaran yawancin waɗannan abubuwa bai fi buhun siminti kaɗan da ƙaramin tebur da kujerar zama ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tunawa da su.

Ita kanta rumfar a dube ta. Yawancin rumfunanmu azuzuwan lakwal ne, gwamnati kuwa da bakinta ta faɗa a 2021 cewa akwai azuzuwan zana da kara kimanin dubu 36 a ƙasar nan. A wannan shekarar ce gobara ta kashe yara cikin irin waɗannan azuzuwa, a Yamai cikin Afrilu, a Maraɗi cikin Nuwamba. Ajin da bai tsare ɗalibi daga wuta ba, ba zai tsare takardun zaɓe daga iskar hunturu ba, kuma zanar da ake leƙe ta cikinta ba ta rufe asirin mai zaɓe. Ana rufe rumfa ƙarfe 7, wato a watan Disamba duhu ya riga ya shiga, ƙirgar ƙuri'u kuma a nan take ake yin ta. Fitilar da ta mutu a tsakiyar ƙirga ta isa ta haifi gardamar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Sannan rumfar da kaya ba su iso ba, daidai take da wadda ba a kafa ba. A zaɓen 21 ga Fabrairun 2016 sai da aka ci gaba da kaɗa ƙuri'a washegari a wurare da dama saboda kayan aiki sun makara. Wanda ya yi tafiyar sa'a biyu ya tarar da ƙofa a rufe, ba lalle ya dawo gobe ba.

Mafi nauyin duka shi ne rashin tsaro. Tun harin da aka kai Difa da Boso a Fabrairun 2015, da kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi bayan harin Karamga na watan Afrilun wannan shekara, dubban iyalai suke zaune inda ba nan aka haife su ba. A daren jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020 aka afka wa garin Tumur. Ranar 2 ga Janairun 2021, tsakanin zagaye biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe mutum kimanin ɗari a ƙauyuka biyu na ƙasar Walam. Ranar zagaye na biyu kuma ma'aikatan zaɓe bakwai suka rasu da motarsu ta taka nakiya a ƙaramar hukumar Dargol, cikin jihar Tilaberi. Allah ya jiƙansu. A kudancin Maraɗi, ƙasar Madarumfa da Gidan Rumji, masu satar mutane da shanu sun tashi ƙauyukan bakin iyaka. Mutumin da aka raba da gidansa da gonarsa, idan aka ce masa ƙuri'arsa tana can garin da ya gudo, an sake korarsa karo na biyu. Shi ne kuwa ya fi kowa buƙatar a ji muryarsa, domin shi ya fi kowa sanin abin da rashin ingantaccen mulki ke jawowa.

Ba mu jahilci abin da za a ce mana ba, kuma wasu daga cikin hujjojin suna da ƙarfi. Na farko kuɗi. Kowace rumfa tana da shugaba da sakatare da mataimaka uku, wato rumfa dubu 26 na nufin ma'aikata dubu 130, ban da jami'an tsaro da motoci da mai. Ƙara rumfa ƙara kashewa ne, a ƙasar da likita ke jiran magani. Na biyu, rumfar da ta yi ƙanƙanta tana tona asiri: tungar da ke da masu zaɓe arba'in, da an karanta sakamako kowa ya san wanda ta bi, mai nasara kuma yana iya riƙe ta a zuciya ranar rabon rijiya. Na uku, rumfar da ke can ƙuryar daji, wadda babu wakilin abokin hamayya ko mai sa ido da zai iya kaiwa gare ta, ƙofa ce ga maguɗi, ko kuma ga zargin maguɗi ko da ba a yi ba. Mun ga yadda ƴan adawa suka ƙi amincewa da sakamakon Fabrairun 2021, suna nuna yatsa musamman ga yankunan makiyaya, har aka yi tarzoma a Yamai kafin kotun tsarin mulki ta tabbatar da nasarar Bazum Mohamed. Saboda haka ba muna cewa a dasa akwati a ƙarƙashin kowace bishiya ba ne. Wani wuri sabuwar rumfa ake bukata, wani wuri matsar da tsohuwa zuwa tsakiyar garuruwa uku ya wadatar, wani wuri kuma babu abin da ya rage sai a gyara ƙofa. Wanda ya je ya gani ne kawai zai bambance.

Wa zai yi wannan aiki? A nan ne tarihi ya yi mana gargaɗi. A watan Yulin 1996, ana tsakiyar ƙirgar ƙuri'u, mulkin Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta ya kafa wata a madadinta. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya ƙare da farfasa kayan zaɓe da soke sakamako a wurare da dama, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya a watan Afrilu. Darasin shi ne, duk abin da ya shafi zaɓe, idan hannu ɗaya ya riƙe shi a ɗaki rufe, jama'a ba za su yarda da shi ba ko da daidai ne. Tun da babu zaɓaɓɓun majalisu da jam'iyyu da za su sa ido, nauyin yin aikin a fili ya ƙaru a kan masu mulki.

Ga abin da muke kira a yi. Da farko, a fito da jerin rumfunan 2020 na kowace ƙaramar hukuma, a manna shi a ofishin magajin gari da kasuwa da tasha, a karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu. Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, da wakilin sarki, da malamin lakwal, da mata, da shugabannin makiyaya, da sarkin makafi da na guragu ko wakilan ƙungiyar naƙasassu, su taka da ƙafarsu zuwa kowace rumfa. Su rubuta nisanta daga tunga mafi nesa, da abin da ke kan hanya na gulbi ko dutse ko haɗari, da halin ginin, da inuwa, da ruwan sha, da haske. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa tana da kundin garuruwa, wayar hannu kuma a yau tana nuna matsayin wuri da nisansa; aikin da a 1993 sai an yi wata ana yi, yanzu na kwanaki ne.

Na uku, a ba jama'a wa'adi isasshe su kawo kuka, da baki ko a rubuce, kuma duk kukan da aka ƙi karɓa a faɗi dalili a fili. Na huɗu, a tanadi hanyar da ɗan gudun hijira na cikin gida da wanda ambaliya ta tasa za su sauya rumfa ba tare da an wahalar da su ba, a kuma tuna da ƴan'uwanmu na ƙetare, waɗanda ba a rubuta su ba a 2020, sai a watan Yunin 2023 suka zaɓi wakilansu biyar, makonni kaɗan kafin a rushe majalisar. Na biyar, duk dokar zaɓen da za a rubuta nan gaba ta riƙe sharaɗin kilomita 2 da iyakar yawan masu zaɓe, ta ƙara da wajabta irin wannan bincike a kai a kai, cikin shekarar da babu zaɓe, ta kuma hana a matsar da rumfa bayan an buɗe yaƙin neman zaɓe sai da dalilin tsaro da aka bayyana.

Ya ku masu karatu, yaron da yake da shekara 8 ranar zaɓen 2020 zai cika 18 a 2030. Shi da tsararrakinsa miliyoyi ne, ba su taɓa ganin cikin rumfar zaɓe ba, kuma daga abin da suka tarar ranar farko za su yanke hukunci ko wannan abu nasu ne ko na wasu. Masu mulki sun ce sake gina ƙasa suke yi, mai gini kuwa daga tushe yake farawa, ga tushe nan mun nuna. Ku kuma kada ku jira kwamiti. Kowa ya san inda ya yi zaɓe na ƙarshe. Ya tashi wata safiya ya taka daga ƙofar gidansa zuwa can, ya ƙirga lokacin da ya ɗauka, sannan ya tambayi kansa ko mahaifiyarsa za ta iya wannan tafiya. Idan ba za ta iya ba, ya gaya wa maigari, ya gaya wa kantoma, ya rubuto mana mu buga. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai mu ranar da kowane ɗan Nijar zai kaɗa ƙuri'arsa ya koma gida kafin rana ta take.